Mai zane da gwanin bugu a kan dutse ɗaya: jagorar aikin litogirafi daga ganawar farko zuwa sa hannu

Ranar da mai zane ya fara shiga ɗakin bugun litogirafi, abin da yakan fi ɗaure masa kai shi ne yawan abubuwan da za a hana shi. Kada ka taɓa fuskar dutsen da yatsa. Kada ka hura shi da baki. Kada ka jingina hannu a kai. Mutum ya saba aiki shi kaɗai a ɗakinsa, babu mai ce masa yi ko bari, sai ga wani a tsaye a gefensa yana lura da kowane motsi. Wannan mutumin shi ne gwanin bugu, kuma kyawun abin da zai fito daga injin ya rataya ne a kan yadda ku biyun za ku raba aiki. Rabon kuwa a fili yake: kai ke da ikon cewa ga yadda hoton zai kasance, shi ke da ikon cewa ga yadda dutsen zai iya ɗaukarsa. Yawancin rigimar da na gani a ɗakin bugu ta taso ne daga lokacin da ɗaya ya tsallaka gonar ɗaya.

Kafin komai, ka fahimci asalin sana'ar, domin duk hane-hanen daga nan suka fito. Alois Senefelder ne ya gano ta a Jamus a 1796, kuma tushenta abu ne da kowa ya sani: ruwa da mai ba sa haɗuwa. Ana zane da abu mai maiƙo a kan dutsen farar ƙasa mai laushin fuska, a jiƙa dutsen da soso, a mirgina rola mai tawada a kai. Inda maiƙo ya zauna tawada ta kama, inda ruwa ya kwanta ta ƙi. Ba a sassaƙa komai, ba a haƙa komai. Shi ya sa dutsen bai san bambanci tsakanin layin da ka zana da gangan da maiƙon yatsanka ba. Duka biyun zai riƙe, duka biyun zai buga.

Zaɓen wanda za ka yi aiki da shi

Matakin farko ba a kan dutse yake ba. Ka je ɗakin bugun, ka roƙi a buɗe maka aljihunan da ake ajiye ayyukan baya, ka duba na masu zane biyar ko shida. Abin da kake nema shi ne bambanci. Idan duk ayyukan sun yi kama da juna, baƙinsu iri ɗaya, launinsu iri ɗaya, to hannun mai bugun ya rinjayi na masu zanen, kuma kai ma haka zai yi maka. Gwani na ƙwarai shi ne wanda ba ka ganin sawunsa a cikin aikin.

Irin wannan gwani ba ya faɗowa daga sama. A tsakiyar ƙarni na 20 sana'ar ta kusa mutuwa a Amurka saboda ƙarancin masu bugun da suka iya aiki da masu zane. Wannan ne ya sa June Wayne ta kafa ɗakin bugu na Tamarind a Los Angeles a 1960, da tallafin Gidauniyar Ford, don a horar da masu bugu tare da masu zane a wuri guda. A 1970 aka mayar da shi Jami'ar New Mexico da ke Albuquerque, kuma har yau ana horar da gwanaye a can. Ba wai dole mai bugunka ya fito daga can ba, amma ka tambaye shi a hannun wa ya koya da shekara nawa ya yi yana aikin. Babu gwanin da zai ji haushin wannan tambaya.

A ganawar farko ka tafi da ayyukanka na gaske, ya ga yadda hannunka yake tafiya: kana son layi siriri ne ko shafe mai faɗi, kana aiki da sauri ne ko a hankali. Abin da ba na ba da shawara shi ne ka ɗauko gamammen zane ka ce a kwafa maka shi a dutse. Wanda ya zo da haka yakan koma da kwafi marar rai, domin ya rufe ƙofa ga duk abin da dutsen zai iya ba shi.

Maganar kuɗi da adadi, tun kafin a taɓa dutse

Hanya biyu ce. Ko dai kai ka ɗauki ɗakin bugun haya, ka biya kuɗin aiki da takarda da lokaci, duk abin da aka buga ya zama naka. Ko kuma ɗakin bugun ya gayyace ka a matsayin mawallafi, ya ɗauki nauyin komai, ku raba bugun ko kuɗin da aka sayar bisa abin da kuka shirya. Ta biyun ce Tatyana Grosman ta bi lokacin da ta kafa ɗakin bugu na ULAE a gidanta da ke West Islip, a jihar New York, a 1957, ta riƙa jawo masu zane irin su Larry Rivers da Jasper Johns zuwa ga dutse, Robert Blackburn kuma ya zama gwanin bugunta na farko.

Ko wace hanya kuka bi, ku rubuta waɗannan a takarda: kofi nawa za a buga, launi nawa, girman takarda da irinta, kwana nawa aka ware wa gwaji, kofi nawa ne rabon mai zane, nawa ne na mai bugu, da wanda zai biya idan aikin ya wuce lokacinsa. Adadin launi ya fi komai tasiri a kan kuɗi, tunda kowane launi dutsensa daban, kuma kowace takarda sai ta sake bi ta cikin inji saboda shi. Hoto mai launi biyar da za a buga kofi 30 yana nufin takarda za ta ratsa inji sau 150, ban da gwaje-gwaje da waɗanda za su lalace.

Dutse ko faranti, da shirya fuska

Duwatsun da aka fi amincewa da su daga Solnhofen suke fitowa, a yankin Bavaria na Jamus. Mai ruwan toka ya fi tauri kuma ya fi riƙe zane mai laushi, mai ruwan ɗorawa ya fi taushi. Akwai kuma farantin alminiyam, wanda ba shi da nauyi, ana samunsa da girma, kuma za ka iya ɗauka ka tafi da shi ɗakinka. Sai dai faranti ba ya jure goge-goge da kankara kamar dutse. Idan kai mai yawan sauya ra'ayi ne a tsakiyar aiki, faɗa wa gwanin tun yanzu, zai zaɓa maka dutse.

Shi ko mataimakinsa ne zai goge dutsen da ruwa da garin kaborandam, wani gari mai cin dutse kamar yashi, daga mai kaushi kamar lamba 80 zuwa mai laushi kamar 220, har tsohon zane ya ɓace, fuskar ta daidaita. Inda aka tsaya a gogewar yana da alaƙa da zanenka kai tsaye: fuska mai ɗan kaushi tana ba alli haƙora, inuwa ta fito da ƙwayoyi manya, mai laushi kuma ta fi dacewa da siraran layuka. Saboda haka ko da aikin nasa ne, sai ya ji daga bakinka.

Ga abin da nake roƙon duk sabon shiga ya yi: ka nemi ƙaramin dutse na gwaji. Ka ɓata yini guda kana zizara duk kayan zanen a kai, a buga maka, ka ajiye takardar a gabanka. Gani ya kori ji. Yinin nan guda yakan ceci mako.

Zanen kansa

Abu na farko, hoton zai fito a juye, dama ta koma hagu. Ka ajiye madubi kusa, ka riƙa duba aikinka a ciki. Idan akwai rubutu a hoton, a juye za ka rubuta shi, ko ka zana a takarda ta musamman da ake mayar da zane daga kanta zuwa dutse.

Allin litogirafi haɗin kakin zuma ne da sabulu da baƙin hayaƙi, kuma yana da lambobi. A irin da aka fi sani, lamba 5 ce mafi tauri da ƙarancin maiƙo, ƙananan lambobi kuma sun fi taushi da maiƙo. Inuwa mai ɗorewa ana gina ta ne a hankali, shafi bisa shafi, da alli mai tsini. Wadda aka yi ta da gaggawa, alli ya zauna a saman ƙwayoyin dutse kawai bai shiga ba, takan kakkarye bayan 'yan kofi kaɗan. Sai kuma tush, wato tawada mai maiƙo da ake narkawa da ruwa ko wani sinadari a shafa da buroshi. Idan ta bushe takan bar wani zane mai kama da fatar dutse ko busasshen tabo, abin sha'awa ƙwarai, amma ita ce mafi wuyar sha'ani a wajen mai bugu. Shafin tush da ya yi kama da toka-toka a idonka yana iya ɗauke da maiƙon da zai fito baƙi ƙirin. Ido yana ganin launi, dutse kuwa maiƙo yake ji.

Ka sa katako a gicciye bisa dutsen, wanda ba ya taɓa fuskar, ka ɗora hannunka a kai. Na taɓa yin kwana huɗu ina gina sararin sama da alli mai tauri, a rana ta ƙarshe na sa tafin hannu a kusurwa don in miƙa in gyara wani wuri. Ban ga komai ba, ban kuma faɗa wa kowa ba. Da aka mirgina tawada sai ga shatin tafina da dukan layukansa a tsakiyar sararin. Mai bugun ya dube shi ya ce, "Malam, da ka gaya mini jiya, da na san yadda zan bi da wurin kafin in shafa ƙaro." Sai da muka kankare kusurwar, na sake gina ta, kuma ba ta taɓa komawa daidai da sauran ba. Tun daga ranar, duk abin da ya faru da dutse ina faɗa nan take, ko atishawa ce.

Miƙa dutse ga gwani

Idan ka gama, kada ka ajiye alli ka fita. Ku tsaya tare a kan dutsen, ka bi da shi lungu-lungu: nan alli lamba kaza ne, nan tush ne da ruwa, nan na shafa sau biyu, wannan inuwar ita ce ran hoton, idan ta toshe komai ya tafi. Yana buƙatar wannan bayani domin abin da zai yi na gaba ba iri ɗaya ba ne a ko'ina.

Zai barbaɗa garin rozin, wato busasshen danƙon itace, da hoda don kare zanen, sannan ya shafa ruwan ƙaro da aka ɗiga wa asid na naitirik. Ƙaron yana manne wa wuraren da babu zane ya sa su son ruwa, asid ɗin kuma yana taimaka wa maiƙo ya kafu a cikin dutse. Ana ƙirga asid ɗin da ɗigo, a cikin kimanin mililita 30 na ƙaro. Wuri mai laushi ɗigo kaɗan yake so ko ma ƙaro zalla, wuri mai nauyin maiƙo yana son mai ƙarfi. In ya yi yawa ya ƙone inuwarka, in ya yi kaɗan hoton ya cika ya toshe. Nan ne shekarun gwani suke aiki, kuma nan ne ya kamata mai zane ya ja baya. Asid ɗin kansa yana ƙuna, ba abin da baƙo zai taɓa ba ne.

Bayan dutsen ya huta, za ka ga abin da yakan tsinka zuciyar sabon shiga: gwanin zai zuba sinadari ya wanke zanenka tas, ya bar wata inuwa fara-fara kawai. Kada hankalinka ya tashi. Baƙin da ya tafi launi ne kawai, maiƙon yana cikin dutse. Zai shafa kwalta narkakkiya siririya, ya wanke ƙaron da ruwa, ya fara mirgina rolar fata, hoton ya riƙa dawowa kaɗan-kaɗan. Daga nan sai shafin ƙaro na biyu, wanda ke zaunar da hoton sosai.

Gwaji, inda haɗin gwiwar take da gaske

Kofin farko a takarda mai araha ake bugawa, kuma sukan fito a dushe har sai dutsen ya ƙoshi da tawada. Kada ka yanke hukunci a kansu. Ka jira na takardar gaske, irin su Rives BFK ko Arches da ake yi da auduga, ka manna a bango, ka ja da baya, ka yi shiru na ɗan lokaci.

Sannan ka yi magana, kuma ka koyi yin ta yadda za ta yi amfani. "Bai yi mini ba" ba ta kai mai bugu ko'ina. Ka nuna da yatsa, ba tare da taɓawa ba: wannan baƙin ya yi sanyi, ina son ya karkata zuwa ja, wannan inuwar ta fi yadda na zana nauyi, farin nan ya mutu. Ka faɗi abin da kake son gani, ka bar masa yadda za a kai can. Wataƙila ya taurara tawada, ko ya rage yawan mirginawa, ko ya sauya matsin inji, ko ya jiƙa takarda. Idan launi kake nema, kawo masa abin da ke da launin, ƙyalle ne ko ɓallin fenti, ya haɗa ya ja a gefen takardar da za a yi aiki da ita, domin launi ɗaya yakan sauya fuska daga takarda zuwa takarda.

Ana iya gyara dutse bayan gwaji. Ragewa da sauƙi: a kankare da reza ko a goge da ɗan dutse. Ƙari kuwa sai gwanin ya wanke wurin da asid mai sauƙi don ya sake karɓar maiƙo, kuma kowane irin wannan wanki yana ɗan raunana abin da ke wurin tun farko. Misalin da ya fi shahara shi ne bijimin Picasso. Ya shiga ɗakin bugun Fernand Mourlot a Paris a ƙarshen 1945, kuma tsakanin Disamba 1945 da Janairu 1946 ya sauya hoton bijimi a dutse ɗaya har matakai 11, daga dabba mai tsoka da nauyi zuwa 'yan layuka ƙalilan. Ana yawan ba da labarin a matsayin bajintar mai zane, amma ni abin da nake gani a ciki shi ne masu bugun da suka riƙe dutse guda da rai cikin duk wannan kankara da ƙari, suna buga kowane mataki kafin a wuce shi. Ka roƙi naka gwanin ya yi maka haka: kofi ɗaya ko biyu na kowane mataki, da kwanan wata a baya.

Wani lokaci zai ce maka abu ba zai yiwu ba. Kada ka yi fushi, kada kuma ka yi saurin haƙura. Tambaye shi, "In mun yi, me zai faru?" Sau da yawa amsar ita ce zai yiwu, amma dutsen ba zai ba da fiye da kofi goma ba, ko kuma kowane kofi zai ɗan bambanta. Wannan kuma shawara ce da ta dawo hannunka. Haka ma idan tsautsayi ya faɗa. A 1963 dutsen Robert Rauschenberg ya tsage a cikin inji a ULAE. Maimakon a jefar, ya ce a buga da tsagar, har ya ƙara siffar ɓarɓashin dutse a ƙasan hoton, ya sa masa suna Accident, wato tsautsayi. Aikin ya ci babbar kyauta a baje kolin zane-zanen bugu na birnin Ljubljana, babban birnin Slovenia a yau, a shekarar. Shi ya yanke shawarar, amma sai da aka sami masu bugun da suka yarda su daidaita ɓari biyu na fasasshen dutse a ƙarƙashin matsi.

Idan hoton mai launuka ne, akwai ƙarin abu biyu. Na ɗaya, daidaito: ana sa alama a dutse da bayan kowace takarda don kowane launi ya faɗa daidai wurinsa. Na biyu, jeri. Tawadar litogirafi takan bar na ƙasa ya leƙo, shuɗi bisa rawaya ya ba da kore, don haka launi uku da aka jera da hikima sukan yi aikin shida. Ka saurari gwanin a nan, ya ga haɗuwar tawada fiye da yadda za ka taɓa gani.

Kofin amincewa

Ranar da kofi ya fito wanda ka ce shi ne, za ka rubuta B.A.T. a ƙasansa ka sa hannu. Haruffan daga Faransanci suke, bon à tirer, wato ya yi a buga. Wannan sa hannun shi ne iyaka tsakanin lokacinka da nasa. Kafin shi, kana da damar sauya komai. Bayan shi, aikin gwani ne ya sa kowane kofi ya yi daidai da wannan, kai kuma ba ka da hurumin dawowa gobe ka ce a ƙara ja.

Saboda haka kada ka sa hannu da yamma a gajiye, ko don kana jin nauyin mutanen da suka yini a tsaye. Ka bar shi ya kwana, tawada ta ɗan bushe, ka dube shi da hasken safiya. Gwani na gaske ya fi son ka ƙara kwana ɗaya da ka sa hannu a kan abin da zuciyarka ba ta kwanta da shi ba. A al'adar ɗakunan bugu da yawa, wannan kofin nasa ne idan an gama.

Bugu, tantancewa da rufe aiki

Bugun adadin yakan ɗauki kwanaki ko makonni, kuma galibi ba a buƙatar ka a wurin. Mutum biyu ne a kan inji, ɗaya da soso yana kula kada dutse ya bushe, ɗaya da rola yana ƙirga mirginawa, kofin amincewa na manne a gabansu. Ana buga fiye da adadin da aka shirya, saboda za a fitar da masu aibi.

Idan sun bushe za a kira ka. Ku bi su ɗaya bayan ɗaya a gefen kofin amincewa. Mai tabo, mai gocewar launi, mai dusashewa, a ware a yage. Sauran ka sa musu hannu da fensir, da lamba kamar 7/30, wato na bakwai cikin talatin. Lambar ba ta nufin na farko ya fi na ƙarshe kyau, tunda ba lallai a jera su yadda suka fito daga inji ba. Rabonka ana rubuta masa A.P., na mai bugu P.P., kuma yawansu shi ne wanda kuka rubuta tun farko, ba a ƙara ko ɗaya. Ɗakin bugun zai danna tambarinsa marar tawada a kusurwar takarda, wani wurin har da na gwanin da ya buga. Ka tabbata an sa, domin ita ce kaɗai shaidar hannunsa a jikin aikin.

Sai takardar bayani: sunan aiki, shekara, girma, irin takarda, yawan duwatsu da jerin launuka, adadin kowane irin kofi, da sunayen waɗanda suka buga. Ku biyu ku sa hannu, kowa ya riƙe tasa. Masu saye da gidajen adana kayan tarihi da ita suke dogara.

Abu na ƙarshe shi ne soke dutsen. Ko dai a ja layi a tsakiyar hoton a buga kofi ɗaya da ke nuna an soke, ko a kai shi wurin gogewa kai tsaye, a rubuta ranar a takardar bayani. In kana da hali ka tsaya ka gani. Za a wanke tawadar, a zuba ruwa da garin kaborandam, a fara juya abin gogewa a kai. Inuwar hotonka takan daɗe tana leƙowa daga cikin jiƙaƙƙen dutsen, domin maiƙon ya shiga ƙasa da fuska, kuma sai an yi ta zagaye ana wankewa ana sake zuba gari kafin ta ɓace, a jingine dutsen ya bushe a jira mai zane na gaba.